Leda Biyu Kafin La'asar

Shafi na 17

Kun kau da kai. A shafin da ya wuce na bar muku Indo kwance a bayan motar kamfani, hannunta naɗe da zanin wata, amma da na buɗe sharhinku ban ga wadda ta tambayi ko tana numfashi ba. Wasu na ƙorafin shafin ya yi gajarta, wasu na tambayar yaushe Mubina za ta yi saurayi. To ga shi nan. Wannan karon ban sassauta muku komai ba.

*

Mubina ba ta jira adaidaita sahun ya gama tsayawa ba ta diro a bakin get ɗin kamfanin tabarmar roba da ke Sharaɗa. Maigadi ya buɗe baki zai tambaye ta katin shiga, sai ya ga busasshen jini a gaban hijabinta. Ya matsa gefe.

Maganar likita ce ke ta juyawa a kanta. Ba za a shiga da Indo tiyata ba sai an samu jini leda biyu, kuma idan la'asar ta wuce ba a shiga ba, to an bar maganar hannun da injin niƙa roba ya tauna, an koma maganar rai. Jinin Indo irin mai wuyar samun nan ne. An gwada na Mubina bai yi ba. An gwada na Malam Yahaya, direban da ya kai su, shi ma bai yi ba. A ma'ajiyar asibitin babu ko leda ɗaya. Mutumin ɗakin gwaji ya ce sai an tara jama'a da yawa an gwada kafin a dace da mutum ɗaya, sannan ya tambaye ta ina dangi. Dangin Indo suna can wani ƙauye gaba da Jahun, inda sai an hau tudu ake samun sabis.

Wuri ɗaya Mubina ta sani da jama'a masu yawa: guruf ɗin karatunsu na waya. Matan kamfanoni ne zalla, daga Sharaɗa zuwa Chalawa har Bompai, littafi ɗaya ya tara su. Tana tsaye a barandar asibiti ta rubuta neman taimako ta tura. Kafin ta sauke wayar an goge saƙon. Ta sake turawa, sai ta ga an cire ta daga guruf ɗin gaba ɗaya.

Mutum ɗaya ce ke da ikon yin hakan. Anti Sauda, mai kula da sashen mata a kamfanin.

Hutun azahar ne. Matan suna ƙarƙashin rumfar kwano, kowa da ledar awara ko robar garau-garau a cinya, tun daga nesa ake jiyo gardamarsu. Mubina ba ta buƙaci a faɗa mata a kan me ba. Ɗan Sarkin Kufai ne, littafi na biyu.

A na ɗaya, Lubaba ta kamu da son Yarima Nawwar, mashayin jini da ba ya tsufa kuma ba ya fita da rana. A na biyu marubuciyar ta kawo masa abokin takara, Likita Ayyuba, ɗan adam mai haƙuri da iyaye ke so. Tun daga ranar matan kamfanin suka rabu gida biyu, 'yan Yarima da 'yan Likita, har akwai waɗanda suka daina cin abinci a kwano ɗaya. Shafin yau ya sauka da safe. Yarima na kwance yana mutuwa, ba abin da zai tashe shi sai jinin wadda ke sonsa, Likita kuma ya riƙe hannun Lubaba yana roƙonta. Tsirarun da suka iya karatu sun karanta sun ƙi faɗin ƙarshe, suna ja wa sauran rai. Sauran kuwa Mubina suke jira, don ita ce ke karanta kowane shafi ta ɗauka a saƙon murya ta tura guruf.

Safiya, shugabar 'yan Yarima, tana tsaye da cokali a hannu.

"Ni da ni ce Lubaba, wane hannu? Wuya zan miƙa masa, ya sha har sai ya ce ya ƙoshi."

"Ke da ko allurar rigakafi sai an danne ki," in ji wata daga bayanta.

Ana cikin dariyar suka hango Mubina. Dariyar ta mutu. Aka shiga tambayar ya mai jiki, aka jera addu'o'i, kowa da tata. Sannan idanu suka koma kan abinci.

Mubina ta tsaya a tsakiyarsu ta faɗi abin da likita ya ce, ba ta rage ba ba ta ƙara ba. Ta ce ba kuɗin kowa take nema ba, su zo kawai a gwada, ɗan tsinin allura ne a yatsa.

Wata ta ce mijinta bai san da zancen ba, kuma wayarsa a kashe take in yana kasuwa. Wata ta ce tana shayarwa. Wata ta sunkuyar da murya ta ce ita fa ta ji ana cewa jinin da ake ɗiba a asibiti ba duka ake saka wa marasa lafiya ba, akwai wanda ake sayar wa 'yan shan jini, nan take mata biyu suka gyaɗa kai suka ce su ma sun ji. Sai wata ta faɗi abin da ke zuciyar kowa: duk wadda jiniya ta buga ba ta kan injinta, gobe da safe za a ɗauki wata daga masu jira a bakin get a ɗora a gurbinta. Wannan gaskiya ce, Mubina ta sani. Ta yiwu ma nata gurbin an riga an bayar.

Ta juya ta dubi Safiya.

"Yanzu na ji kina miƙa wuya."

Safiya ta ajiye cokalin. Ba ta yi fushi ba, abin da ya fi ci wa Mubina rai ke nan.

"Wancan ai labari ne, Mubina. Shi ba ya taɓa abincin 'ya'yana."

Anti Sauda tana can ƙarshen rumfar a kan benci ita kaɗai, robar abincinta a rufe. Ta ga tahowar Mubina, ba ta ɗaga kai ba.

"Anti, me ya sa kika goge?"

Anti Sauda ta fara da doka. Ta ce dokar guruf kowa ya san ta tun ranar da aka buɗe shi: banda talla, banda wa'azi, banda neman taimako, labari kawai da sharhin labari. Ta ce ko 'yar yayarta da ta saka hoton atamfa ta cire ta, har yau uwar ba ta amsa gaisuwarta da kyau.

"Ran Yaya Indo ne atamfa?"

"Ki rage murya."

"Ba zan rage ba. Shekararku nawa tare a layi ɗaya? Ranar da kika yi ɓari wa ya kwana da ke?"

Anti Sauda ta miƙe. Ta kama hannun Mubina da ƙarfin da ba ta zata ba, ta ja ta bayan sito, inda aka jibge buhunan tsoffin bokitai da silifas masu jiran niƙa. Ta leƙa hagu da dama. Sannan ta kwance gefen zaninta ta ciro ƙaramar waya, gilashinta a fashe, da guntun iyafis maƙale a jikinta. Kunne ɗaya ne ya rage. Sauran igiyar a tsinke take, bakinta a tattaune.

Mubina ta san wayar. Ita ta raka Indo ta saye ta.

Anti Sauda ta zare iyafis ɗin ta danna. Wata murya ta fito siririya, tana jan magana tana sassauta ta yadda masoya ke yi: *Lubaba, ba ni da bugun zuciya, amma duk sanda kika shigo ina jin wurin da ya kamata ta kasance yana ciwo.*

Muryar Mubina ce. Shafin jiya ne.

"Ni na fara isa wurinta," in ji Anti Sauda. "Ni na kashe injin. Wannan wayar a ƙarƙashin hijabinta na ciro ta kafin manaja ya iso. Ta sunkuya tura roba, igiyar ta zazzago, injin ya kama ta. Sai ta kai hannu za ta fizgo. Na hango ta tun daga ƙofa, na ƙwala mata kira har maƙogwarona ya dushe." Ta dubi Mubina. "Ba ni take ji ba. Ke take ji."

Mubina ta nemi buhu ta zauna a kai ba tare da ta san ta zauna ba.

Ai saboda Indo aka fara ɗaukar muryar tun farko. Indo ba ta yi boko ba, sai ta riƙa zama kusa da Mubina a hutun azahar tana cewa ta karanta mata. Hutun ba ya isa a gama shafi. Indo ce ta ce to ta saka mata a waya mana, ta ji a hankali. Daga ita sai maƙwabciyarta a layi, daga nan sai guruf. Ba a daɗe ba kusan kowace mace a sashen ta koyi zura igiya ta cikin riga ta fito da ita ta ƙarƙashin hijabi, hannu na aiki kunne na kufai tare da Yarima. Dokar kamfani ta hana shiga da waya. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Mubina kuwa daɗi take ji idan aka ce mata yau aiki bai yi tsawo ba saboda muryarta.

Indo 'yar Likita ce ta gaske. Ta ce ita ta gama da namijin da ke zuwa da dare ya ɓace da rana, ta auri irinsa sau ɗaya ya ishe ta. Ko da safen nan a bakin get ta ce wa Mubina idan yarinyar nan ta zaɓi gawar nan, to ta daina ji, a goge mata littafin a saka mata wa'azi.

Anti Sauda ta tsuguna a gabanta, ta yi magana ƙasa-ƙasa da sauri. Ta ce murfin bakin injin ya karye tun kafin azumi, an yi ta cewa za a gyara ba a gyara ba, kuma manaja ya san da haka. A yanzu ya ɗauka rashin murfin ne kaɗai, shi ya sa jikinsa ke rawa, ya ba da mota, ya ce kamfani zai ɗauki nauyin asibiti ya kuma biya Indo haƙƙin hannunta. Ranar da ya ji zancen iyafis, zai ce sakacinta ne. Ba asibiti, ba haƙƙi. Sannan a tsayar da mata a get a lalube su ɗaya bayan ɗaya. Kuma sakatariyarsa tana cikin guruf ɗin, 'yar Yarima ce, ba ta barin sharhi ko ɗaya ya wuce ta.

"Ni ba zan ambaci iyafis ba," in ji Mubina.

"Ke ba za ki ambata ba. Su fa? Duk layin sun gani. Sunan Indo na faɗawa guruf wata za ta rubuto, Allah sarki, ai tana cikin jin shafin jiya ne. Kin san bakinmu."

Ta ce kada Mubina ta ɗauka zaune take. Tun safe take kiran mutane a ɓoye: ƙaninta a Ɗorayi, wata ƙawarta a kamfanin fata a Chalawa. Ƙanin yana Zariya. Ƙawar ta ce za ta kira, ba ta kira ba.

Mubina ta dubi inuwar siton. Ta fara karkata gabas.

"Anti, idan ta mutu, wa za a biya haƙƙin hannun?"

Mubina ta miƙa mata hannu.

"Ba ni wayarki."

"Marayu nake riƙe da su, Mubina."

"Na sani."

"Za su kore ni. Ni na bari ake shiga da waya."

"Za su kore mu. Ni na karanta."

Anti Sauda ta ce to a rubuta ba suna, a ce wata baiwar Allah ce ke neman jini, kada a ambaci kamfani. Mubina ta girgiza kai. Ta ce irin wannan saƙon kullum yana wucewa ta gabansu, ita kanta ba ta taɓa tsayawa ta karanta shi har ƙarshe ba. Kuma rubutu ma ba zai yi ba, yawancin matan ba sa karantawa. Abu ɗaya ne a guruf ɗin da ba macen da ke tsallakewa, abin da suke jira tun safe.

Anti Sauda ta daɗe tana kallon ƙaramar wayar Indo a tafin hannunta. Sannan ta mayar da ita gefen zani ta ƙulle, ta ciro tata babbar, ta buɗe shafin yau, ta miƙa.

Mubina ta goge fuska da gefen hijabi mara jini. Ta danna ɗaukar murya. Ta yi sallama yadda ta saba, ta ambaci sunan littafi da lambar shafi, ta fara karantawa.

Tun littafi na ɗaya take kare Yarima a kowace gardama, har ta taɓa yin kuka a kansa a cikin adaidaita sahu. Yau kuwa kalmomin ba su shige ta ba. Marubuciyar ta ce jinin da ke ɗiga daga leɓensa ja ne kamar zoɓo, yana ƙamshi kamar turaren amarya. Mubina ta san ba haka yake ba. Ƙarni yake yi kamar tsatsar ƙarfe, yana danƙo a tsakanin yatsu, idan ya bushe yana sandarar da tufa kamar kwali. Kuma mai zubar da shi ba ta yin kalamai masu daɗi. Ruwa kawai Indo ke ta nema a bayan motar, tana kiran sunan 'yarta.

Duk da haka ta karanta, ta ja muryar inda ake ja, ta sassauta inda ake sassautawa. Ta kai inda Lubaba ta dubi Yarima a kwance, ta dubi Likita a tsugune, ta zare hannunta, ta buɗe baki za ta faɗi zaɓinta.

A nan ta tsaya. Ta bar shiru ya ɗan yi tsawo. Da ta ci gaba, da muryarta ta kullum ta yi magana.

"Ni ce Mubina. Ba zan ƙarasa ba. Indo ta sashen niƙa a kamfanin tabarma na Sharaɗa, wadda ke turo muku murya kullum tana tsokanar 'yan Yarima, inji ya ci hannunta. Tana asibiti, jini take jira, idan la'asar ta yi ba a samu ba likita ya ce mu shirya. Ban san wadda jininta zai yi ba a cikinku. Ku ma ba ku sani ba sai kun zo. Don Allah, don Annabi, ku taso. Mai miji ta kira shi su taho tare."

Ta faɗi sunan asibitin da ƙofar da za a bi. Ta saki yatsanta. Saƙon ya tafi.

Suka haɗa kai a kan wayar. Sunayen waɗanda suka saurara suka fara jeruwa, daga Bompai, daga Chalawa, daga Dakata, suna ta ƙaruwa har ido ba ya iya bi. Daga can rumfar ma Mubina na jiyo muryarta na fita daga wayoyi daban-daban, wata gaba wata baya.

Amsa ta farko ta shigo. Allah ya ba ta lafiya. Ta biyu, hoton hannuwa a ɗage. Ta uku ma haka. Aka jera su kamar an haɗa baki.

Sai wata lamba daga Bompai: *Allah ya tashi kafaɗarta. Amma don Allah ki ƙarasa mana, wa ta zaɓa?*

Anti Sauda ta runtse ido. Da ta buɗe, sunan sakatariyar manaja ne a saman gilashin, an nuna tana rubutu. Ta tsaya. Ta sake farawa.

Jiniya ta buga.

Mubina ta miƙa wayar ta fito daga bayan sito. Matan sun miƙe suna kakkaɓe zani, suna ɗaure ledoji. Ƙofar ɗakin injuna tana hagu, get yana dama. Ba ta dubi fuskar kowa ba. Ta bi ta tsakiyarsu ta nufi dama. A bayanta akwai ƙarar silifas da yawa a kan siminti, amma a cikin kukan jiniya ba ta iya rabe inda suka nufa ba.

Tana isa get wayarta ta yi ƙara. Malam Yahaya ne. Ta ɗaga.

"Mubina, kina ina? Indo ta daina magana. Likita ya fito, ya ce in tambaye ki mutum nawa kika taho da su."

Mubina ta juya ta dubi bayanta.

*

Kada ki rubuto min addu'a a ƙasan wannan shafin, ki yi ta a zuciyarki. Ke da kike karantawa, kin san irin jininki? Ajiye wayar nan. Je ki asibiti mafi kusa da ke, ki tambayi ɗakin gwajin jini, ki miƙa hannu, ki bar musu lambarki. Ki tafi da mijinki ko yayanki ko abokiyar aikinki. Ba ranar Lahadi ba. Yau.